Babi na Biyar: Dalilan Ɗorewa da Yankewa a Tafiyar Rage Ƙiba

Rage nauyin jiki na 'yan makonni abu ne da mutane da yawa suke iya yi, amma riƙe wannan ragi har shekara ɗaya ko biyu shi ne wurin da mafi yawan masu ƙiba suke gazawa, kuma wannan ce matsalar da ta fi ci wa likitoci da masana abinci tuwo a ƙwarya. Ƙiba a wajen likitoci ita ce taruwar kitse a jiki har ta kai matakin cutar da lafiya, kuma ana kimanta ta da wani lissafi da ake taƙaita sunansa da haruffan BMI, inda ake raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita, sannan a sake raba abin da aka samu da tsawon nan. Mutumin da nauyinsa ya kai kilo 90 kuma tsawonsa mita 1.7 ne zai sami 31 a wannan lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar 25 zuwa sama a matsayin nauyin da ya wuce ƙima, tana kuma ɗaukar 30 zuwa sama a matsayin ƙiba mai cutarwa, kuma ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 manya biliyan 2.5 ne suke da nauyin da ya wuce ƙima a duniya, daga cikinsu miliyan 890 sun kai matakin ƙiba mai cutarwa. A Nijeriya, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna cikin ɗaya daga waɗannan rukunoni biyu.

Wani nazari da aka buga a 2001, wanda ya tattara sakamakon bincike 29 da aka yi a Amurka, ya nuna cewa fiye da rabin nauyin da aka rage yakan dawo cikin shekara 2, kuma kafin a cika shekara 5 kusan kashi 80 cikin 100 ya dawo. An saba ɗora alhakin wannan koma baya a kan kwaɗayi ko lalaci ko raunin zuciya, sai dai hujjojin da suka taru cikin shekarun baya suna nuna cewa abubuwa uku ne suka fi ƙarfin zuciya tasiri a kan ɗorewa: yadda jiki yake turjiya idan an rage masa nauyi, yadda gida da kasuwa da al'ada suke kewaye mai ƙiba, da kuma yadda aka tsara shirin tun farko da irin bibiyar da ake yi masa. Wannan babi zai ɗauki waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya.

Tsarin da aka iya bi ya fi tsarin da aka yaba

An daɗe ana muhawara a kan wane tsarin cin abinci ne ya fi rage ƙiba, wasu suna cewa a bar sitaci da suga, wasu suna cewa a bar maiƙo. A 2005 wasu likitoci a birnin Boston suka buga sakamakon wani gwaji da suka raba mutum 160 zuwa rukuni huɗu, kowane rukuni aka ɗora shi a kan ɗaya daga tsare-tsaren da suka yi suna a Amurka a lokacin, wato Atkins mai rage sitaci ƙwarai, da Ornish mai rage maiƙo ƙwarai, da Zone mai daidaita nau'o'in abinci, da Weight Watchers mai ƙayyade yawan abin da ake ci. Bayan shekara ɗaya matsakaicin ragin da aka samu a rukunonin huɗu bai wuce kilo 2 zuwa 3 da 'yan kai ba, kuma abin da ya bambanta mutum da mutum shi ne gwargwadon yadda kowa ya bi tsarin da aka ba shi. Tsare-tsaren da suka fi tsanani, wato Atkins da Ornish, kusan rabin mutanensu ne suka yanke kafin ƙarshen shekara, alhali a sauran biyun kashi 65 cikin 100 sun kai ƙarshe.

Gwaje-gwaje biyu da suka fi wannan girma sun tabbatar da haka. Na 2009, wanda ya bi mutum 811 har shekara 2 a kan tsare-tsare huɗu masu bambancin maiƙo da sitaci da furotin, ya sami ragin kimanin kilo 6 a wata shida na farko da kimanin kilo 4 a ƙarshen shekara ta biyu ba tare da wani bambanci na a zo a gani tsakanin rukunonin ba, sai dai waɗanda suka fi halartar zaman ba da shawara su ne suka fi rage nauyi. Na 2018, wanda Jami'ar Stanford ta yi da mutum 609, ya kwatanta rage maiƙo da rage sitaci tsawon shekara ɗaya, aka sami ragin kilo 5.3 a ɓangare guda da kilo 6 a ɗaya ɓangaren, bambancin da bai isa a kafa hujja da shi ba. Darasin da ke cikin wannan a fili yake: tun da tsare-tsaren sun yi kusan kunnen doki, abin da ya kamata a auna kowanne da shi shi ne ko mutum zai iya rayuwa a kansa, da abincin da ya saba, da kuɗin da yake da su, da mutanen da yake ci tare da su.

Turjiyar jiki

Cikas na farko a cikin jikin mutum yake. Ana auna ƙarfin da abinci ke ba jiki da ma'aunin da ake kira kalori, kuma nauyi yakan ragu ne idan kalorin da jiki ke ƙonawa ya fi wanda ake ci, amma jiki ba ya zura ido yana kallon ajiyarsa tana ƙarewa. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller suka gano leptin, wani hormon, wato sinadarin da wani sashe na jiki ke zubawa cikin jini don isar da saƙo ga wani sashen, wanda kitsen jiki ke samarwa don sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ake da ita. A 1999 kuma masu bincike a Japan suka gano girelin, wanda ciki ke samarwa don tayar da yunwa. Idan kitse ya ragu sai leptin ya yi ƙasa, girelin ya yi sama, sai mutum ya riƙa jin yunwa fiye da da, ya kuma daɗe bai ji ƙoshi ba.

An taɓa zaton wannan sauyi na ɗan lokaci ne, amma wani bincike da aka yi a birnin Melbon na Ostireliya aka buga a 2011 ya nuna akasin haka. Mutum 50 aka ɗora a kan abinci kaɗan ƙwarai har mako 10, waɗanda suka jure suka rage matsakaicin kilo 13.5, sai dai shekara guda bayan haka girelin ɗinsu yana sama, leptin yana ƙasa, kuma yunwar da suke ji ta fi ta kafin su fara. Ban da ƙaruwar yunwa, jiki yakan rage abin da yake ƙonawa ko da mutum yana kwance. An ga misali mai tsanani a 2016, lokacin da aka sake auna mutum 14 da suka taɓa shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka: shekara 6 bayan gasar sun mayar da matsakaicin kilo 41 daga cikin kilo 58 da suka rage, kuma jikinsu yana ƙona kimanin kalori 500 ƙasa da abin da ake tsammani ga masu girman jikinsu a kowace rana. Saboda haka mutumin da ya ga ragin nauyinsa ya tsaya bayan wata shida, yunwa kuma tana ƙara matsa masa, yana fuskantar abin da aka san jikin ɗan Adam da shi ne, kuma sanin haka tun da wuri yakan hana shi ɗaukar tsayawar a matsayin shaidar cewa ya gaza.

Barci ma yana da hannu a cikin wannan lissafi. A wani gwaji na Jami'ar Chicago da aka buga a 2004, samari 12 da aka taƙaita wa barci zuwa awa 4 na dare biyu sun sami raguwar leptin da kashi 18 cikin 100 da ƙaruwar girelin da kashi 28 cikin 100, tare da ƙarin sha'awar kayan zaƙi da masu sitaci. Mai aikin dare, da mai jego, da wanda zafin bazara da rashin wutar lantarki ke hana wa barci, da wanda ke raba dare yana kallon waya, duk suna shiga gwagwarmayar da ƙarin nauyi a kansu. Haka kuma akwai magunguna da ke ƙara ƙiba, irin su insulin da wasu magungunan taɓin hankali da dangin maganin kumburi da ake kira sitiroyid, akwai kuma cututtuka kamar raunin aikin ƙullin maƙoshi da ake kira tairoyid, waɗanda ya wajaba likita ya bincika kafin a zargi mutum da rashin himma.

Buri, tuntuɓe da sabo

Cikas na biyu yana cikin abin da mutum ya sa a ransa. A 1997 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania suka tambayi mata 60 masu ƙiba nauyin da suke burin kaiwa kafin a fara yi musu magani, sai matsakaicin burinsu ya kasance rage kashi 32 cikin 100 na nauyinsu. Bayan mako 48 sun rage matsakaicin kilo 16, wanda babbar nasara ce a idon likita, amma kusan rabinsu ba su kai ko nauyin da suka ce tun farko zai ɓata musu rai ba. Wanda ya ɗauki nasararsa a matsayin faɗuwa ba shi da wani dalilin ci gaba da wahala. Alhali amfanin rage ƙiba yana fara bayyana ne tun daga ragi kaɗan. Babban shirin rigakafin ciwon suga na Amurka, wanda aka buga sakamakonsa a 2002 kuma ya ƙunshi mutum 3,234 da sugan jininsu ya fara hawa, ya sa wa rukuni guda burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyi tare da motsa jiki na minti 150 a mako, kuma wannan ya rage kamuwa da ciwon suga da kashi 58 cikin 100, yayin da maganin metformin ya rage da kashi 31. Ga mai kilo 90, kashi 7 cikin 100 bai wuce kilo 6 da 'yan kai ba. Wani gwaji a ƙasar Finlan da mutum 522, wanda aka buga a 2001, shi ma ya sami raguwar kashi 58 cikin 100.

Yadda mutum yake ɗaukar tuntuɓe yana da muhimmanci kamar burin da ya sa. Peter Herman da Janet Polivy na Jami'ar Toronto sun shafe shekaru suna nazarin masu tsananta wa kansu a kan abinci, kuma sun nuna cewa irin waɗannan mutane, da zarar sun ga sun karya dokar da suka kafa wa kansu, sukan saki jiki su ci fiye da wanda bai taɓa kafa doka ba, bisa tunanin cewa ranar ta riga ta lalace. Daga rana guda abin yakan zama mako, daga mako ya zama watsi da shirin baki ɗaya. Tsarin da ya haramta wani abinci kwata-kwata ya fi jawo irin wannan rushewa, domin kowane biki da kowace ziyara sukan zama dalilin karya doka, alhali tsarin da ya tanadi wurin irin waɗannan ranaku yakan bar mutum ya koma kan hanyarsa a ci na gaba.

Abin da ke sauƙaƙa ɗorewa shi ne aikin ya zama sabo, wato ya kai matsayin da ake yinsa ba tare da an tsaya shawara da zuciya ba. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 da kowannensu ya zaɓi wani sabon aiki na ci ko sha ko motsa jiki da zai riƙa yi kullum a lokaci guda, suka gano cewa matsakaicin lokacin da aikin ke ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, ko da yake a wajen wasu kwana 18 ne, a wajen wasu kuma lissafi ya kai kwana 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin sabon ba. Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya nuna cewa niyyar da aka ɗaure da takamaiman lokaci da wuri ta fi zama aiki a kan niyyar da aka bari a sake. A nan Musulmi yana da abin dogaro da mutane da yawa ba su da shi, domin salloli biyar sun riga sun yanka masa yini zuwa lokuta sanannu, ta yadda mai cewa zai yi tafiyar minti 20 da zarar an idar da sallar Asuba ya fi kusa da cika alkawarinsa a kan mai cewa zai riƙa motsa jiki idan ya sami sarari.

Rubuta abin da aka ci da hawa sikeli a kai a kai suna cikin abubuwan da aka fi samun hujja a kan amfaninsu. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a kan abin da mutum ya ci da kansa ido yakan yi kuskure babba. Wani bincike na 1992 a birnin New York ya auna masu ƙiba da suka ce suna cin abinci kaɗan amma nauyinsu ya ƙi raguwa, aka tarar abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kashi 47 cikin 100, ba don suna ƙarya da gangan ba, sai don lomar ɗanɗano da ragowar abincin yara da ƙarin cokalin mai ba sa tsayawa a ƙwaƙwalwa. A wani gwaji na 2008 da ya ƙunshi kusan mutum 1,700, waɗanda suke rubuta abincinsu kullum sun rage ninki biyu na abin da marasa rubutawa suka rage.

Gida, kasuwa da idon jama'a

Mutum ba ya cin abinci shi kaɗai, kuma a ƙasar Hausa wannan magana ta fi ƙarfi, domin tukunya ɗaya ake ɗorawa don gida duka, sau da yawa kuma a kwano ɗaya ake haɗuwa. Magidancin da likita ya ce ya rage tuwo da mai ba shi ne yake girki ba, matar da aka ba irin wannan shawara kuma ba ita ce take ba da kuɗin cefane ba, saboda haka shawarar da aka ba mutum ɗaya a ɗakin likita ba tare da an jawo mai girki da mai cefane ba takan tsaya a bakin ƙofar gida. Dafa abinci dabam saboda mutum ɗaya yana cin kuɗi da itace ko gas da lokaci, kuma da wuya ya wuce 'yan makonni. Abin da ya fi ɗorewa shi ne gyaran tukunyar gida baki ɗaya, kamar auna man gyaɗa ko manja da cokali maimakon tuttulawa, tun da cokalin cin abinci ɗaya na mai yana ɗauke da kimanin kalori 120, da yawaita ganye a miya, da rage girman malmala, da zuba wa mai ƙiba nasa a kwanonsa don ya ga iyakar abin da ya ci. Abincin gargajiya yana da abubuwan da suka dace da wannan manufa, irin su kwaɗon zogale da na rama, da fate mai yawan ganye, da wake, da gero da dawa da ba a cire musu dusa gaba ɗaya ba, waɗanda suke daɗewa a ciki kuma ba su buƙatar a je neman su a manyan kantuna.

Kasuwa kuma tana tura mutum ta ɗaya ɓangaren. A 2019 Kevin Hall da abokan aikinsa a cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka suka kwantar da mutum 20 tsawon mako 4, suka ba su abincin masana'anta da aka sarrafa ƙwarai na mako 2 da abincin da ba a sarrafa ba na mako 2, kowa ya ci iya son ransa, sai aka tarar a makonnin abincin masana'anta suna cin ƙarin kimanin kalori 500 a rana, nauyinsu kuma ya ƙaru da kusan kilo 1. Biskit da taliyar leda da lemon kwalba sun shiga kowane lungu a birane da ƙauyuka, kuma abin sha mai zaƙi ya fi saurin yaudara domin ba ya ƙosarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sugan da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kimanin giram 50 ko ƙananan cokula 12 ga babban mutum, kuma kwalbar lemo ɗaya takan cinye fiye da rabin wannan, kafin a zo ga sugan shayi da na kunu da na fura da na zoɓo. Damuwa da wannan na cikin dalilan da aka bayar lokacin da Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai suga a Nijeriya.

Idon jama'a shi ma cikas ne mai zaman kansa. Inda aka daɗe ana fama da yunwa da cuta, ƙiba takan zama alamar hutu da wadata, har a ce da amaryar da ta yi jiki aure ya karɓe ta, rama kuma takan jawo tambaya a kan lafiyar mutum ko zaman gidansa. Macen da ta rage kilo 8 bisa shawarar likita tana iya fuskantar danginta suna tuhumar mijinta da rashin kula, kuma wannan matsi yakan isa ya mayar da ita inda ta fito. Wannan ra'ayi ne ya buɗe kasuwar ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe, waɗanda cikinsu akwai dexamethasone, maganin da shan sa barkatai ke kumbura jiki, ya hau da jini da suga. Ga kuma haƙƙin baƙunta, inda ƙin cin abin da aka kawo wa baƙo yake iya zama raini, da bukukuwan aure da suna da naman Babbar Salla. Azumin Ramadan ma, wanda ake zaton zai rage ƙiba, nazarce-nazarce sun nuna matsakaicin ragin da ake samu cikinsa bai wuce kimanin kilo 1 ba, kuma yakan dawo cikin 'yan makonni bayan Salla, musamman inda soye-soye da kayan zaƙi suka mamaye buɗa-baki. Koyarwar addini a kan rashin cika ciki, da raba shi tsakanin abinci da ruwa da numfashi, tana ba mai ƙiba hujjar da jama'a ke girmamawa idan ya tsame hannu kafin kwano ya ƙare.

Motsa jiki

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce babban mutum ya yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato irin wanda numfashi ke ɗagawa amma ana iya magana, kamar tafiya da sauri, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2, kuma duk wani motsi yana shiga lissafi komai ƙanƙantar lokacinsa. Abin da ke karya gwiwar mutane da yawa shi ne motsa jiki shi kaɗai ba ya rage nauyi da yawa, domin tafiyar awa guda da sauri takan ƙona kimanin kalori 300 ne kawai, abin da kwalbar lemo biyu za su mayar. Amfaninsa ya fi fitowa wajen hana nauyin da aka rage dawowa, da kuma saukar da hawan jini da sugan jini ko da sikeli bai motsa ba. Rena Wing da James Hill sun buɗe wata rajista a Amurka a 1994 ta mutanen da suka rage aƙalla kilo 13.6 suka riƙe ragin shekara guda ko fiye, wadda ta tara sama da mutum 10,000, kuma kashi 90 cikin 100 nasu suna motsa jiki kimanin awa guda a rana, kashi 75 suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako. Waɗannan mutane su ne suka kawo kansu, mafi yawansu kuma mata ne, don haka rajistar tana nuna halayen waɗanda suka yi nasara ne, ba ta tabbatar da cewa duk wanda ya kwaikwaye su zai sami irin sakamakonsu.

Abubuwan da ke hana motsa jiki na zahiri ne. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafi yakan haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, ƙurar hunturu tana tayar da asma, titunan birane da yawa ba su da gefen masu tafiya a ƙasa, babur da a-daidaita-sahu kuma sun ɗauke gajerun tafiye-tafiyen da a da ake yi da ƙafa. Matan da ke zaman kulle, da waɗanda ba su da wurin motsa jiki na mata zalla, da masu ciwon gwiwa saboda nauyi, da masu jin kunyar a gan su suna haki a kan titi, kowannensu yana buƙatar shiri dabam. Abin da ya fi ɗorewa shi ne motsin da aka saƙa cikin harkokin yini, kamar takawa zuwa masallaci ko kasuwa, da sauka daga abin hawa kafin a kai inda za a je, da zagaya tsakar gida da sanyin safiya ko bayan La'asar, a fara da minti 10 a riƙa ƙarawa sannu a hankali don kada ciwon gaɓoɓi ya tsayar da mutum a makon farko. Mai ciwon zuciya, da mai shan maganin suga ko na hawan jini, da mai juna biyu, ya kamata su ji ta bakin likita kafin su sauya abinci ko su ƙara motsi, domin adadin maganin yana iya buƙatar gyara.

Abokan tafiya da bibiya

A 1999 Rena Wing da Robert Jeffery suka kwatanta waɗanda suka shiga shirin rage ƙiba su kaɗai da waɗanda suka shiga tare da abokai ko 'yan uwa aka kuma koya musu tallafa wa juna. A rukunin farko kashi 76 cikin 100 ne suka kammala, kashi 24 suka riƙe raginsu gaba ɗaya wata shida bayan nan, a rukuni na biyu kuwa kashi 95 suka kammala, kashi 66 suka riƙe. Shirin rigakafin ciwon suga na Amurka ma bai tsaya a kan ba da takardar shawara ba, domin kowane mutum yana da mai kula da shi, ya kuma halarci darussa 16 cikin mako 24 na farko, sannan aka ci gaba da tuntuɓarsa. Ƙungiyoyin adashe, da ajin Islamiyya na mata, da majalisar abokai, da ma'aikatan ofis ɗaya, duk taruka ne da suka riga suka kafu, waɗanda za su iya ɗaukar irin wannan nauyi ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Kishiyar tallafi ita ce tsangwama, wadda wasu ke zaton tana zaburar da mai ƙiba. Wani bincike na 2013 da ya bi Amurkawa sama da 6,000 tsawon shekara 4 ya gano cewa waɗanda aka nuna wa wariya saboda nauyinsu sun fi sauran yiwuwar kaiwa matakin ƙiba mai cutarwa da kusan ninki biyu da rabi. Zolaya da laƙabi da faɗan ma'aikacin asibiti sukan sa mutum ya guji sikeli da filin motsa jiki da asibitin kansa, wato wuraren da taimakonsa yake.

Sababbin magunguna sun ƙara fito da yanayin matsalar. A gwajin allurar semaglutide da aka buga a 2021, wanda ya ƙunshi mutum 1,961, an sami matsakaicin ragin kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi cikin mako 68, amma waɗanda aka bi bayan sun daina allurar sun mayar da kimanin kashi biyu cikin uku na ragin cikin shekara guda. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a kasuwanni da Facebook da TikTok kuwa, da yawansa gudawa ko yawan fitsari yake sawa, abin da ke fita ruwa ne, kitsen yana nan.

Dukkan waɗannan hujjoji suna kai ga matsaya ɗaya, cewa ƙiba lalura ce mai daɗewa kamar hawan jini, wadda ake kula da ita tsawon rai, kuma shirin da aka yi wa wa'adin wata uku ya ɗauko rushewarsa tun ranar da aka fara shi. Ma'aikacin lafiyar da ke son majinyacinsa ya ɗore zai sa masa burin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa, ya gina tsarin a kan abincin gidansa, ya gayyaci mai girki da mai cefane cikin shawarar, ya faɗa masa tun farko cewa yunwa za ta ƙaru kuma ragin zai tsaya bayan 'yan watanni, sannan ya sa masa ranar dawowa. Asibitocin da suke ganin masu hawan jini da ciwon suga a kai a kai sun riga sun mallaki mafi yawan abin da wannan aiki ke buƙata, wato sikeli da katin majinyaci da ranar ganin likita, abin da ya rage shi ne a riƙa rubuta nauyi a kowane zuwa, a kuma tattauna abin da ya hana mutum bin tsarinsa ba tare da zargi ba.